Matsi ko Sakewa? Matsayin Fisiyon Tsokokin Ƙasan Ƙugu wajen Magance Matsalar Riƙe Fitsari da Bahaya ga Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rawar da fisiyo, wato fannin lafiyar da ke gyara aikin tsoka da gaɓɓai ta hanyar horo, ke takawa wajen magance fitsarin kwance, zubar fitsari da rana, taurin bahaya da ɓata wando ga yara. An bi diddigin ayyukan masana daga 1938 zuwa 2020. Matsayar maƙalar ita ce, a wajen yara da dama da ake turawa sashen fisiyo, tsokokin ƙasan ƙugu ba rauni suka yi ba, sakewa ce suka kasa yi a lokacin da ake bukata. Don haka atisayen ƙara ƙarfi da aka aro daga jinyar mata masu jego bai dace ya zama tubalin jinyar yaro ba. An kuma auna hujjojin da ke goyon bayan kowace dabara, da yadda za a iya aiki da su a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Ba a haihuwar yaro da iya riƙe fitsari ko bahaya. Koyo yake yi, kamar yadda yake koyon tafiya da magana, kuma koyon yana da jeri: riƙe bahaya da dare, sannan da rana, sai riƙe fitsari da rana, daga ƙarshe riƙe fitsari cikin barci. Ƙungiyar masana ta duniya mai kula da wannan fanni, wadda aka sani da ICCS, ba ta ɗaukar zubar fitsari a matsayin larura sai yaro ya cika shekara 5. Ga ɓata wando da bahaya kuwa, shekara 4 ce iyaka.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Kusan kashi 15 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 suna fitsarin kwance, adadin kuma yakan sauka zuwa tsakanin kashi 5 da 10 a shekara 7. Maza sun fi mata yawa a ciki. Forsythe da Redmond sun nuna a 1974 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu larurar kan daina da kansu a kowace shekara. Wannan ne tushen shawarar da ake yawan ba iyaye cewa su yi haƙuri, zai bari idan ya girma. Shawarar tana da gaskiya a cikinta, sai dai ba ta lissafa shekarun da yaron zai yi yana jin kunya kafin lokacin, ba ta kuma kula da yaran da zubar fitsarinsu ke tafe da kamuwar hanyar fitsari da ƙwayoyin cuta, abin da kan iya taɓa ƙoda.

Manufar maƙalar ita ce fayyace ainihin abin da likitan fisiyo ke gyarawa a jikin irin wannan yaro, da kuma bambance dabarun da bincike ya tabbatar daga waɗanda tallan na'ura ya fi hujjarsu ƙarfi.

2.0 Waiwaye kan Ayyukan Magabata

An daɗe ana ɗaukar fitsarin kwance a matsayin lalaci, ko rashin tarbiyya, ko damuwar zuciya. Aikin da ya fara karkatar da hankali zuwa ga horo shi ne na Mowrer da matarsa a Amurka a 1938, inda suka yi amfani da shimfiɗa mai ƙararrawa wadda ke tada yaro da zarar ta jiƙe. A 1973 Bakwin ya fito da rawar gado: idan uwa da uba duk sun yi fitsarin kwance, kashi 77 cikin 100 na 'ya'yansu kan yi; idan ɗaya ne, kashi 44; idan babu ko ɗaya, kashi 15. A 1989 kuma Rittig da abokan aikinsa a birnin Aarhus na Denmak suka gano cewa jikin wasu yaran ba ya ƙara sinadarin basofiresin da dare, wanda shi ke umartar ƙoda ta rage haɗa fitsari lokacin barci. Waɗannan ayyuka sun isa su kawar da zargin ganganci daga kan yaro.

Ta fuskar tsoka, sunan da ya fi fice shi ne Arnold Kegel, likitan mata a Amurka, wanda ya wallafa atisayen matse tsokokin ƙasan ƙugu a 1948 domin matan da haihuwa ta raunana. Atisayen ya yi aiki ga waɗanda aka tsara shi dominsu, har sunansa ya rufe fannin baki ɗaya. Amma a 1973 Hinman da Baumann sun bayyana wata larura ta daban: yara masu lafiyayyun jijiyoyi waɗanda ke matse ƙofar mafitsara daidai lokacin da mafitsarar ke ƙoƙarin fitar da abin da ke cikinta. Su waɗannan ƙarfi ne ya yi musu yawa a inda ba a so.

Zare na uku shi ne alaƙar hanji da mafitsara. O'Regan da abokansa a Montreal sun ja hankali a 1986 cewa taurin bahaya dalili ne na fitsarin kwance da ba a cika lura da shi ba. Loening-Baucke ta jami'ar Iowa ta ƙarfafa wannan a 1997 da nazarin yara 234 masu daɗaɗɗen taurin bahaya: kashi 29 cikin 100 suna zubar da fitsari da rana, kashi 34 da dare. A cikin waɗanda aka yi nasarar gyara musu hanji, zubar rana ta tsaya ga kashi 89, ta dare kuma ga kashi 63, alhali ba a ba su wani maganin mafitsara ba. Shekara guda bayan haka Koff da abokansa suka haɗe larurorin biyu ƙarƙashin suna ɗaya. ICCS ta daidaita kalmomin fannin a 2006, ta sabunta su a 2014.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na laburare ne, ba a tattara bayanai daga majinyata ba. An dogara da takardun daidaita ma'ana na ICCS, da ma'aunin Rome na huɗu na 2016 kan taurin bahaya, da jagorar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin likitocin hanjin yara na Turai da Arewacin Amurka ta 2014, sai gwaje-gwajen da aka raba yara rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a. An fifita wannan nau'i na ƙarshe ne saboda larurar tana warkewa da kanta a wajen wasu, don haka duk binciken da ba shi da rukunin kwatance zai iya jingina wa magani nasarar da ta girma ce. An cire yaran da larurarsu ta samo asali daga lahanin laka ko nakasar halitta. An ƙirƙiri wasu kalmomin fannu inda babu su, an kuma bayyana ma'anarsu a wurin da suka fara fitowa.

4.0 Nazari

4.1 Yadda tsarin ke aiki

Tsokokin ƙasan ƙugu shimfiɗa ce ta tsoka da ta taso daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya, tana tallafe da mafitsara da ƙarshen hanji. Bututun fitsari da dubura duk ta cikinta suka ratsa, kuma jijiyoyin da ke sarrafa su daga wuri ɗaya suke fitowa, wato gaɓa ta 2 zuwa ta 4 ta laka a yankin ƙugu. Wannan tarayya ce ta sa da wuya ɗaya ya rikice ɗaya ya zauna lafiya.

Lokacin tara fitsari, bangon mafitsara yakan saki jiki, tsokar zobe da ke ƙofarta kuma ta matse. Lokacin fitarwa sai su yi musaya: bango ya matse, zobe da sauran tsokokin ƙasa su sake gaba ɗaya. Haka abin yake ga bahaya. Akwai wata tsoka mai kama da majajjawa da ta zagayo ƙarshen hanji tana lanƙwasa shi. Sai ta sake ne hanyar ke miƙewa. Ke nan fitarwa aikin sakewa ne, yunƙuri mataimaki ne kawai.

4.2 Daga riƙewa zuwa zubarwa

Sau da yawa abin yana farawa ne da bahaya guda mai zafi, bayan zazzaɓi, ko yaye, ko shiga makarantar da banɗakinta ba ya shiguwa. Yaro ya ji zafi sau ɗaya, sai ya koyi matsewa duk lokacin da ya ji bahaya. Iyaye kan ga ya miƙe tsaye a kan yatsun ƙafa, ya sandare, ko ya ɓuya bayan ƙofa, su ɗauka yunƙuri yake yi, alhali riƙewa yake. Kashin da ya daɗe a hanji yakan rasa ruwa ya ƙara tauri, fitarsa ta gaba ta fi zafi, tsoro ya ƙaru.

Bayan watanni ƙarshen hanji yakan buɗe ya rasa kaifin ji, har yaron ya daina sanin ya cika. Sabon kashi mai ruwa sai ya riƙa sulalewa ta gefen dunƙulen tsohon kashin ya ɓata wando. Yaron da ya ce bai ji fitarsa ba gaskiya ya faɗa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar wannan a matsayin gudawa, a ba da maganin tsayar da ciki, wanda ke ƙara dagula lamarin.

Dunƙulen kuma yana danne mafitsara daga baya, ya rage mata wuri, ya sa bangonta ya riƙa matsewa ba shiri. Domin tare wannan matsewa sai yaro ya ƙara ɗaure tsokokin ƙasa: ya harɗe ƙafafu, ko ya kama gabansa, ko yarinya ta tsuguna ta danna diddige. Tsokar da ta wuni a ɗaure ba ta iya sakewa sarai idan an je fitsari. Fitsarin ya riƙa fita a yanke-yanke, saura ya rage a ciki, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Yaron da ke cikin wannan hali idan aka ɗora masa atisayen Kegel, an ƙara masa abin da ya riga ya yi masa yawa ne.

4.3 Tantancewa

Kayan aiki mafi amfani shi ne takardar lissafi: a rubuta lokaci da yawan abin da yaro ya sha da fitsarin da ya yi na kwana 2 aƙalla, da bahayarsa na mako guda. Ana ƙiyasta cikar mafitsara ta hanyar ƙara 1 a kan shekarun yaro, a ninka da mililita 30. Ɗan shekara 7 ke nan ana sa ran mililita 240. Idan mafi yawan abin da yake fitarwa a karo ɗaya bai kai kashi 65 cikin 100 na wannan ba, mafitsararsa ba ta tara abin da ya kamata. Zuwa fitsari sau 8 ko fiye a yini ya yi yawa, sau 3 ko ƙasa da haka ya yi kaɗan. Ga siffar bahaya ana amfani da jadawalin Bristol na 1997 mai hotuna 7, wanda yaro zai iya nunawa da yatsa ba sai ya furta abin da yake jin nauyin faɗa ba.

Inda akwai kayan aiki, na'urar auna gudun fitsari tana zana layi mai siffar ƙararrawa ga mai lafiya, mai haƙora-haƙora kuma ga wanda ke matsewa. Sikanin yana nuna ragowar fitsari, da faɗin ƙarshen hanji. Idan ya wuce santimita 3 alama ce ta cushewa. Ba a yi wa yara gwajin ciki irin na manyan mata. Dubawa daga waje ake yi, da yardar yaron, a gaban mahaifi ko mahaifiya.

Akwai alamun da ke wajabta mayar da yaro ga likitan yara kafin a fara komai: ɗigar fitsari marar yankewa dare da rana, ƙishirwa mai tsanani tare da rama, raunin ƙafa, rami ko tsiron gashi a ƙasan gadon baya, da taurin bahaya da ya faro tun kwanakin farko na haihuwa.

4.4 Jerin jinya da aikin likitan fisiyo

Jerin da masana suka yi ittifaƙi a kai shi ne hanji da farko, sannan matsalar rana, sannan ta dare. Hanjin da ya cushe ba ya gyaruwa da atisaye kaɗai. Sai likita ya ba da maganin da zai kwashe dunƙulen, wanda aka fi zaɓa shi ne PEG, a kuma ci gaba da shi wata 2 aƙalla, kada a fara janyewa sai alamun sun ɓace na tsawon wata guda. Yawancin koma-baya daga gaggawar dainawa yake fitowa.

A kan wannan tushe ake ɗora tarbiyyar mafitsara, wato gyaran ɗabi'un sha da fitarwa ba tare da magani ba. Ana zana wa yaro hoton cikinsa a yi masa bayani da harshen da zai gane. Ana tsara masa zuwa fitsari duk bayan awa 2 zuwa 3, ko ya ji ko bai ji ba, da zaman bahaya na minti 5 zuwa 10 bayan cin abinci, domin a lokacin ne hanji ke motsi da kansa. Ana karkatar da yawan shan ruwa zuwa safe da rana. Hagstroem da abokansa sun nuna a Denmak a 2010 cewa agogon hannu mai tunatarwa ya ƙara yawan yaran da suka daina zubar rana idan aka kwatanta da tsarin da ba agogo.

Abin da likitan fisiyo ya keɓanta da shi yana farawa ne daga zama. Wennergren da abokanta a Suwidin sun auna wutar tsoka a jikin 'yan mata masu lafiya a 1991, suka ga tsokokin ƙasan ƙugu sun fi sakewa idan ƙafafu suna da madogara. Yaron da ya ɗare masai na zamani ƙafafunsa suna reto, yana riƙe da gefe don kada ya faɗa, jikinsa duka a ɗaure yake. Ƙaramar kujera a ƙarƙashin ƙafa, gwiwa ta ɗan ɗara ƙugu, cinyoyi a buɗe, wando a sauke har ƙasa, sun isa su sauya yadda fitsarin ke fita. Buɗe cinyoyi yana da muhimmanci na musamman ga yarinya, domin idan ta haɗe su fitsari kan taru a gabanta ya zubo bayan ta miƙe.

Sai koyar da ji. Sau da yawa yaro bai san yana da tsoka a wurin ba, balle ya bambance matsewarta da sakewarta. Ana sa shi ya ɗan matse na daƙiƙa kaɗan, sannan ya saki na tsawon da ya ninka hakan, manufar kuwa ya gane yadda sakewa take. Ana haɗa wannan da numfashin ciki, hannu a kan cibiya, da busa balan-balan ko kumfar sabulu, domin ya koyi tura iska ƙasa ba tare da ya datse numfashi ya ɗaure dubura ba. Tsohuwar shawarar nan ta a riƙa tsayar da fitsari a tsakiya don ƙarfafa tsoka ba ta da gurbi a nan, domin ita ce ainihin ɗabi'ar da ake ƙoƙarin cirewa.

Fitsarin kwance tsantsa, wanda ba ya tare da wata alama ta rana, ba larurar tsoka ba ce. Tushensa yawan fitsarin dare ne, ko motsin mafitsara cikin barci, tare da nauyin farkawa. Maganinsa ƙararrawa ce ko ƙwayar desmofiresin. Gudummawar fisiyo a nan ita ce gano taurin bahaya ko matsalar rana da ta ɓuya, ba alƙawarin warkarwa da atisaye ba.

4.5 Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Horon madubin tsoka shi ne manna 'yan faifai a fata kusa da dubura domin aikin tsokar ya bayyana a allon kwamfuta. McKenna da abokansa sun mayar da shi wasan kwamfuta a 1999, yara kuma suna son sa. Sai dai hujjarsa ba ta kai farin jininsa ba. A Amsterdam a 1996, van der Plas da abokan aiki sun gwada shi a kan yara 192 masu taurin bahaya: yaran sun koyi sakin tsoka daidai, amma adadin waɗanda suka warke bai zarce na rukunin jinyar yau da kullum ba. Fazeli da abokansa, da suka tattara gwaje-gwajen zubar rana a 2015, su ma ba su sami fifiko bayyananne ba.

Gwaje-gwaje biyu daga Holan sun fi haskaka batun. A 2017 van Engelenburg-van Lonkhuyzen ta ƙara fisiyo a kan jinyar likita ga yara 53 da ke ganin likitocin yara a asibiti, aka sami nasarar kashi 92 cikin 100, rukunin kwatance kuma 63. A 2020 van Summeren ta yi makamancin haka da yara 134 a matakin farko na kiwon lafiya, ba ta ga bambanci ba sai a wajen waɗanda suka daɗe a kan maganin sassauta ciki. Fahimtar wannan maƙala ita ce sakamakon biyu ba su ci karo ba. Yaron da matsalarsa sabuwa ce bayani da magani sun ishe shi, wanda ta daɗe har jikinsa ya koyi ɗabi'ar matsewa shi ne mai bukatar a sake koya masa.

Motsa jijiya da lantarki mai sauƙi ta fatar ƙasan baya ya nuna amfani ga mafitsara mai yawan motsi a gwajin Lordêlo da Barroso a birnin Salvador na Brazil a 2010, ko da yake yaran da aka gwada ba su da yawa.

4.6 Aiki da wannan ilimi a ƙasar Hausa

Cututtuka biyu ne ya wajaba a tuna kafin a aro tsarin Turai yadda yake. Ta farko sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ƙodar mai sikila ba ta iya kauranta fitsari, shi ya sa fitsarin kwance ya yawaita a cikinsu. Hana irin wannan yaro ruwa da yamma, kamar yadda iyaye kan yi, yana iya tada masa ciwo, don haka ba a taɓa shan ruwansa sai da shawarar likitansa. Ta biyu tsargiya, wadda ke kama yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa, ta raunata bangon mafitsara. Jini a ƙarshen fitsari gwaji yake bukata da maganin firazikwantel, ba horon tsoka ba.

Tsuguno, wanda shi ne al'adar yawancin gidaje, riba ce. Sikirov ya nuna a 2003, a kan manya, cewa bahaya a tsugune ya fi sauri da sauƙin yunƙuri. Sharaɗinsa ga yaro shi ne tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa kuma kada ya ji tsoro. Ramin masai mai faɗi da duhu yana sa ƙaramin yaro ya ɗaure jiki ya yi sauri ya fito, saboda haka barinsa a kan fo na ɗan lokaci ya fi tilasta masa. Yaron da ke tashi daga boko ya wuce Islamiyya kuwa yana iya shafe yini bai shiga banɗaki ba, ga zafin bazara yana busar da jiki. Wasiƙa zuwa ga malami ta neman a bar shi ya fita a kan lokaci wani ɓangare ne na jinyar. Abinci mai harza ba baƙo ba ne: wake, zogale, kuɓewa, rama, gwanda da geron da ba a surfe shi tas ba duk suna kusa.

Al'adar kunyata mai fitsarin kwance, a kira shi amalala, a tara yara su yi masa waƙa, ko a doke shi, tana hukunta yaro ne a kan abin da ya faru yana barci. Ga mai riƙe bahaya kuma tsoro ƙara masa matsewa yake yi. Abin da ya dace a yaba wa yaro a kai shi ne abin da ke hannunsa, kamar zuwa banɗaki a kan lokaci da shanye ruwansa, ba wayewar gari da busasshiyar shimfiɗa ba.

Ƙararrawar dare tana da wuyar amfani a ɗakin da yara huɗu ko biyar ke kwana tare, na'urar madubin tsoka kuma sai manyan asibitoci. Takardar lissafi ba ta da wannan matsala. Uwar da ba ta yi boko ba za ta iya cike ta da ajami ko da zane, layi ɗaya ga kowane fitsari, da'ira ga kowane bahaya. Robar ruwa mai cin mililita 500, wadda aka yanke bakinta aka yi mata alama a kowane mililita 50, ta isa auna fitsarin yaro har zuwa shekara 12.